Wai Gwamnati Za Ta Fara Kwasar Samari Zuwa Soja Dole? In Yaro Ya Ƙi Fa?

Alhaji barka da kasuwa. Na ga tambayarka, ka ce an turo muku wani saƙon murya a WhatsApp ɗin 'yan albasa na Mile 12 wai gwamnati za ta fara kwasar samari daga shekara 18 zuwa sama ta kai su soja ko suna so ko ba sa so, kai kuma kana da samari biyu, ƙaramin yana tare da kai a rumfa, babban yana shirin tafiya bautar ƙasa, kuma shi babban ya ce maka shi fa ko me za a yi masa ba zai ɗauki bindiga ya harbi ɗan Adam ba. Kana son sanin ko doka ta ba gwamnati wannan ikon, kuma in yaro ya ce a'a me zai biyo baya. Ni lauya ne a nan Legas, ɓangaren haƙƙin ɗan Adam nake aiki, don haka bari in yi maka bayani yadda zan yi wa ɗan'uwana.

Ka kwantar da hankalinka tukuna. A yau ɗin nan babu wata doka a Najeriya da ta tilasta wa kowa shiga soja. Sojan Najeriya aikin ganin dama ne, kai za ka cike fom a intanet, a tantance ka, a duba lafiyarka, in ka ci a tura ka Defo na Zariya horo, kuma kowa ya san masu nema sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba, har mutane na neman hanya da ƙafa don a ɗauki 'ya'yansu. Rundunar da take mayar da dubban masu nema gida duk lokacin ɗaukar kurata ba ta da dalilin zuwa rumfar albasa ta kamo ɗanka.

Amma fa ba zan ce maka abin ba zai taɓa yiwuwa ba, don kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya bar ƙofar a buɗe. Sashe na 220 ya ce Tarayya za ta tanadi kayan aiki don aiwatar da duk wata doka da Majalisar Tarayya ta yi a kan horon soja ko aikin soja na dole ga 'yan ƙasa. Ma'ana majalisa tana da ikon yin irin wannan dokar, sai dai ba ta yi ba. Kuma doka ba da dare ɗaya take faɗowa ba, sai an gabatar da ƙudiri, ya wuce karatu uku a majalisar wakilai, ya wuce a ta dattawa, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, ya je teburin shugaban ƙasa, BBC Hausa da RFI da Aminiya duk su yi ta maganar wata da watanni. Ba ta saƙon murya za ka fara ji ba wallahi.

Wajen da nake so ka tsaya ka karanta a hankali shi ne sashe na 34, don shi ne ya shafi maganar babban ɗanka, kuma mutane da yawa har masu karatun lauya ba su lura da shi ba. Sashen ya hana bauta da aikin tilas. Sai ya lissafo abubuwan da ba a ɗauke su aikin tilas ba, a ciki akwai aikin soja na dole in majalisa ta yi doka a kai, akwai hidimar ƙasa da ta zama ɓangaren ilimi da horar da 'yan ƙasa, wato irin bautar ƙasa ke nan, sannan akwai aikin da za a ba mutumin da zuciyarsa da aƙidarsa suka hana shi aikin soja, a madadin aikin sojan. Ka ga kenan tun kafin a yi dokar tilastawar, kundin ya riga ya san cewa akwai irin ɗanka a duniya, kuma ya hango cewa za a iya ba shi wani aiki daban. In ka haɗa da sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin tunani da aƙida da addini, to lauyan da zai tsaya wa irin wannan yaron a kotu yana da abin riƙewa. Sai dai in faɗa maka gaskiya, sashe na 34 bai fito ƙarara ya ce kana da haƙƙin ƙin zuwa ba, ya dai ambaci aikin madadin ne, sauran sai abin da dokar da za a yi ta ƙunsa da yadda alƙalai suka fassara.

A dokar duniya kuma maganar ta fi ƙarfi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin farar hula da siyasa a 1993, kuma a wannan shekarar kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya ce ƙin ɗaukar makami saboda aƙida yana iya fitowa daga sashe na 18 na 'yancin addini da tunani. Kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ita ma a 2011 ta yanke wa ƙasar Armeniya hukunci saboda ta ɗaure wani saurayi mai suna Bayatyan, ɗan Shaidun Jehobah, wata ɗariƙar Kirista da mabiyanta ba sa ɗaukar makami, da ya ce a ba shi aikin farar hula zai yi amma ba zai shiga soja ba.

To amma ba duk wanda ya ce ba zan je ba ne doka ke kallonsa a matsayin mai aƙida, kuma a nan ne samari ke ruɗewa. Wanda tsoro ya hana shi daban, wanda ba ya son shugaban da ke kan mulki daban, wanda yake ganin albashin bai kai ba daban. Misalin da kowane Bahaushe zai gane shi ne na Muhammad Ali ɗan dambe. Ranar 28 ga Afrilu 1967 a birnin Houston aka kira sunansa ya matso gaba a rantsar da shi soja don yaƙin Biyetnam, ya tsaya cak bai motsa ba. Aka ƙwace kambunsa na duniya, aka hana shi lasisin dambe, kotu ta yanke masa shekara 5 da tarar dala 10,000, ko da yake bai shiga kurkuku ba saboda ya ɗaukaka ƙara. Ya yi sama da shekara uku bai hau dandali ba a daidai lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Abin da dokar Amurka ke dubawa abu uku ne, shin mutum yana ƙin yaƙi kowane iri ne, shin ƙin nasa daga imani ya taso, kuma shin da gaske yake. A wannan shekarar ta 1971 dai kotun ta yanke a wata shari'ar daban cewa wanda ya ce shi wannan yaƙin kawai yake ƙi amma zai iya yin wani, ba ya cikin waɗanda za a ɗaga wa ƙafa. Wannan sharaɗin yana da nauyi a kan Musulmi musamman, don Musulmi ba zai ce maka yaƙi haramun ne ko da yaushe ba, abin da zai ce shi ne ba zan yi yaƙin zalunci ba, ba zan zubar da jinin da Allah ya haramta ba. Ni a ganina wannan ma aƙida ce cikakkiya da ya kamata a saurara, amma ƙasashe da yawa ba sa karɓarta, don suna ganin in aka bar kowa ya zaɓi yaƙin da zai yi to babu runduna.

Tunda maganar ta zo kan addini, ni ba malami ba ne, ka kai wa malaminku na Agege ya ƙara maka haske, amma abin da muka taso muka karanta ya nuna ba kowa ake ɗora wa fita ba. A suratu Tauba Allah ya ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya da waɗanda ba su da abin da za su ciyar. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e sai aka ce masa ya koma ya yi jihadinsa wajen yi musu hidima. Kuma lokacin da fitina ta tashi tsakanin Musulmi, manyan sahabbai irin su Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar sun janye hannunsu, ba su ɗauki takobi a kan kowane ɓangare ba, babu wanda zai buɗe baki ya kira Sa'ad matsoraci. Don haka kada ka yi wa ɗanka kallon rago don ya ce ba zai iya harbi ba. Ka zaunar da shi ka ji dalilinsa.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata shi ƙaramin ya sani, don na ga yaran kasuwa da yawa suna sha'awar kaki. Wanda bai shiga ba ya ce ba zai shiga ba, wannan farar hula ne. Wanda ya shiga da ƙafarsa ya yi rantsuwa, ya koma ƙarƙashin dokar soja, in aka ce ya tafi fagen daga ya ƙi, ko ya gudu daga bakin aiki, kotun soja ce za ta yi masa shari'a kuma ba da wasa take ba. A Disambar 2014 kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi tafiya yaƙar Boko Haram, su kuwa cewa suka yi ba a ba su isassun makamai ba, sai a ƙarshen 2015 aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. Duk mai son shiga ya yi tunaninsa tun yana waje.

Yanzu shi aikin madadin, ya yake a ƙasashen da suke da shi? A nan ne ake gane ƙasar da take mutunta mutanenta da wadda take neman ta hukunta su ta bayan gida. Jamus ta rubuta a kundinta tun 1949 cewa ba za a tilasta wa kowa ɗaukar makami ba in zuciyarsa ta ƙi, saboda abin da suka gani a zamanin Hitila. Da farko sai saurayi ya gurfana gaban kwamiti an yi ta yi masa tambayoyin ƙure, daga baya aka sassauta ya zama a rubuce zai bayyana dalilinsa. Waɗannan samarin su ne suka riƙa tura keken marasa lafiya a asibiti, suna yi wa tsofaffi wanka da ba su abinci a gidajen kula da tsofaffi, suna aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, har ta kai lokacin da Jamus ta dakatar da aikin soja na dole a 2011 asibitocin ne suka fi jin jiki, sai da gwamnati ta ƙirƙiro wani tsarin hidimar sa kai don cike gurbin. A Suwizalan tun 1996 wanda ya zaɓi aikin farar hula yana yin ninki ɗaya da rabi na lokacin soja, dalilinsu shi ne wanda ya yarda ya ƙara wa kansa lokaci ya nuna da gaske yake, ba sai an yi ta tona masa zuciya ba. Wannan ina iya fahimta.

Koriya ta Kudu kuwa ta yi shekara da shekaru tana ɗaure ɗaruruwan samari duk shekara, akasarinsu Shaidun Jehobah, yaro ya gama makaranta ya san kurkuku ke jiransa, ubansa ma ya yi, wani har kakansa. Sai a 2018 kotun tsarin mulkinsu ta ce dole a samar da madadi. Da aka fara a 2020 sai aka ce wata 36, alhali sojan ƙasa wata 18 yake yi, kuma a ina za su yi aikin? A gidan yari, a can suke kwana, suna girki da wanki da shara. An daina rubuta musu laifi, wannan ci gaba ne ba ƙarami ba, amma ninki biyu a cikin kurkuku ni dai ban ga yadda za a kira shi adalci ba.

Eritiriya kuma ita ce abin da nake tsoro in na ji mutane a gidan rediyo suna cewa a kwashe matasa a kai su soja su koyi tarbiyya. A takarda wata 18 ne hidimar ƙasarsu, a zahiri mutum sai ya yi shekara goma ko fiye ba a sallame shi ba, babu madadi, babu ƙi, kuma wannan na cikin manyan dalilan da suka sa samarinsu ke ratsa Sahara da Libiya suna shiga kwale-kwale zuwa Turai.

Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tarihin, kuma a garin nan da muke zaune aka fara. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere, ita ce ake ɗauka tushen sojan Najeriya. Barikin Dodan da ke gefen Obalende sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, inda kakanninmu suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙarƙashin Ingila. A takarda an ce 'yan sa kai ne, amma tsofaffi a arewa sun ba da labarin yadda ake aiko wa hakimi da dagaci cewa ana son mutum kaza, shi kuma ya san gidan da zai je, ba gidan attajiri ba ne, ba gidan sarauta ba ne. Haka aka kwashi talakawa aikin dole zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, mutane suka yi ta mutuwa saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuwa Faransa fili ta fito ta yi musu dokar ɗaukar soja dole.

Wannan ne ya sa ni ba na goyon bayan a kawo abin nan Najeriya, kuma ba ɓoyewa nake ba. A Amurka a 1863 doka ta ce mai dala 300 zai iya biya a bar shi a gida, talakawa suka yi bore a New York aka kashe mutane sama da ɗari. Zamanin Biyetnam ɗan jami'a ana ɗaga masa ƙafa, ɗan leburan da bai samu shiga jami'a ba shi ake turawa. Turkiyya har yau akwai tsarin biyan kuɗi ka yi 'yan makonni ka dawo gida. To a ƙasarmu wa kake jin za a fara kamawa? Ɗan da aka haifa a Landan yake da fasfo biyu, ko yaron da ke tura baro a Mile 12, ko ɗan acaba a Agege da ba shi da ko takardar haihuwa da zai nuna shekarunsa ba su kai ba? Kowa ya san amsar. Ga shi sojojin da muke da su ma ana kukan kayan aiki da wurin kwana da haƙƙin iyalan waɗanda suka rasu, in aka ƙaro miliyoyin samari da me za a ciyar da su, sannan bayan shekara biyu a sako su gari sun iya harbi ba su da aikin yi. Ƙasashen da abin ya yi musu aiki irin su Finlan da Nowe mutanensu ba su fi miliyan biyar zuwa shida ba, an san kowa da adireshinsa, kuma ɗan minista da ɗan direba layi ɗaya suke bi.

In har wata rana aka kawo ƙudirin, abin da ya kamata shugabannin al'ummarmu na Legas, sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su je zaman jin ra'ayi su tsaya a kai shi ne kada a bar ƙofar biyan kuɗi, a rubuta haƙƙin mai aƙida ɓaro-ɓaro, kwamitin da zai saurare shi ya zama na farar hula ba hafsoshi ba kuma a iya ɗaukaka ƙara zuwa kotu, aikin madadin ya zama a asibiti ko makaranta ko gona ba a bariki ba, kada tsawonsa ya zama horo, sannan a duba gidan da ɗa ɗaya ne ke riƙe da iyaye, Masar ma da take da soja dole tana ɗaga wa ɗa namiji tilo ƙafa.

Sai maganar bautar ƙasa, don ina jin a nan ne hankalin babban ɗanka ya tashi. Ita kam dole ce ga wanda ya gama digiri ko babbar difloma bai wuce shekara 30 ba, Janar Yakubu Gowon ya kafa ta ranar 22 ga Mayu 1973 bayan yaƙin basasa don a haɗa kan matasa, amma ba aikin soja ba ce. Ka bi ta Iyana-Ipaja lokacin da aka buɗe sansani ka gani da idonka, ga ku nan kusa. Yara ne cikin farar riga da farin gajeren wando da farin takalmi, an busa musu ƙaho tun kafin asuba, soja yana tsaye yana koya musu fareti, hagu dama hagu dama, wasu na hawan igiya, da yamma su cika kasuwar mami suna cin indomi da ƙwai suna cajin waya. Mako uku ne, ba a ba kowa bindiga, ba a tura kowa fagen daga. Daga nan a tura shi makaranta ko asibiti ko ofis ya ƙarasa shekararsa yana karɓar alawus, wanda yanzu ya kai naira 77,000 a wata. In ka duba da kyau ma irin aikin da ake ba masu ƙin makami a wasu ƙasashen ke nan, don haka babu abin da zai taɓa aƙidarsa a ciki.

Na san tsoron iyaye ba na banza ba ne, ba a manta da masu bautar ƙasa da aka kashe a Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ba, ga kuma halin da hanyoyi suke ciki yanzu. In aka tura shi inda hankalinku bai kwanta ba, ya je sansani ya yi rajista tukuna, daga can ya nemi sauyin jiha ta hanyar da hukumar ta tanada, ana duba dalilin rashin lafiya da takardar asibiti ta gaskiya, da dalilin tsaro, matan aure kuma ana mayar da su inda mazajensu suke. Kada ya yi tafiyar dare, ko da mota za ta kwana a tasha. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka bari wani ya ce ka kawo kuɗi zai samo masa takardar an ɗauke masa bautar ƙasa. Ƙin zuwa laifi ne da doka ta sa wa tara ko ɗauri, takardar bogi kuma laifi ne na biyu da ya fi na farko muni, kuma tana bin mutum har ya girma, a 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun sai da ta ajiye muƙaminta a kan irin wannan takardar. Shi kuma wanda ya turo muku saƙon muryar, ka tambaye shi sunan dokar da ranar da majalisa ta zartar da ita, in ya kawo ka turo min in duba maka.